Igiyar Roba Mai Ƙugiya: Amfaninta a Zango da Haɗarinta ga Ido

Darasinmu na yau ya shafi wani ɗan ƙaramin kayan aiki da ba ya buƙatar caji ko batir, amma da wuya ka buɗe jakar mai son kwanan daji ba ka same shi a ciki ba. Ina nufin igiyar roba mai ƙugiya a kowane baki, wadda a Turai da Amurka ake kira banji. A waɗancan ƙasashe, inda iyalai ke ɗaukar tanti su tafi bakin tafki ko gandun daji su yi hutun ƙarshen mako, ana sayar da ita dami-dami a kantunan kayan zango da gidajen mai. Mu ma a nan ta shigo hannun 'yan sikawut, da masu zuwa yawon buɗe ido irin su Yankari, da masu kafa rumfar tamfol a kasuwar ƙauye, da masu babura da a da robar tiyub kaɗai suka sani.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe daga farko har ƙarshe: duk igiyar robar da ka ja ka maƙala, ƙarfin da ka ja ta da shi bai tafi ko'ina ba. Yana nan ajiye a jikinta, yana jiran ƙugiya ta suɓuce. Wannan ajiyayyen ƙarfi shi ne amfaninta, shi ne kuma haɗarinta. Wanda ya fahimci haka zai san aikin da zai ba ta, da aikin da zai hana ta, da kuma inda zai ajiye fuskarsa lokacin da yake ja.

Yadda aka ƙera ta

Idan ka yanka igiyar ka duba bakinta, za ka ga sassa biyu. A tsakiya akwai siraran zaruruwan roba masu yawa, kwance a jere kamar tsinken tsintsiya. A waje kuma akwai saƙaƙƙiyar riga ta zaren nailan, ko wani zaren roba makamancinsa, ko auduga, wadda ta lulluɓe su. Zaruruwan ciki su ke miƙewa su dawo. Rigar waje tana da aiki biyu: tana kare robar daga rana da gugar ƙarfe, sannan tana iyakance nisan da igiyar za ta miƙe, domin saƙarta na tsukewa yayin da ake ja har ta kai inda ba ta ƙara bayarwa. A yawancin igiyoyin kasuwa, wannan iyaka tana kusa da ninki biyu na tsawon igiyar.

Sashe na uku shi ne ƙugiya. Mafi yawa waya ce ta ƙarfe da aka lanƙwasa aka shafe ta da leda, aka cusa bakin igiyar a gindinta, aka naɗe shi aka matse da ɗan zoben ƙarfe. Wannan mahaɗi shi ne wuri mafi rauni a jikin igiyar baki ɗaya. Akwai kuma wasu ire-ire: mai ƙugiyar roba, da mai maƙalli mai ƙofa wanda ke rufe kansa, da mai ƙwallo a baki wadda ba ta da ƙugiya sam, da mai faɗi kamar bel, da mai rassa shida ko takwas da suka haɗu a zobe ɗaya, da kuma raga wadda ake lulluɓe kaya da ita. Sai baƙar roba zalla mara riga, mai ƙugiya siffar harafin S, wadda direbobin manyan motoci ke jan tamfol da ita.

Igiyar ta girmi sana'ar zango ta zamani. Charles Goodyear ya samu lasisin hanyar dafa roba da farar wuta a 1844, abin da ya sa roba ta daina narkewa a zafi da sandarewa a sanyi. Masu ƙera jiragen sama na farko sun naɗa igiyar roba a ƙafafun jirage ta zama musu shokozoba wajen sauka, kuma har yau akwai ƙananan jirage irin su Piper Cub da ke amfani da wannan dabara. An kuma yi amfani da ita wajen cilla jirage marasa inji daga kan tudu. A ranar 1 ga Afrilun 1979 wasu 'yan wata ƙungiyar wasannin kasada ta Oxford suka ɗaura igiyar roba suka yi tsalle daga gadar Clifton da ke Biristol a Ingila, kuma daga nan wasan tsallen banji ya bazu. Igiyar wancan wasa ƙira ce ta daban, mai lissafi da gwaji. Sunansu ɗaya da ta jakarka, aikinsu bai zo ɗaya ba.

Lissafin ƙarfin da ke ajiye

Duk wanda ya yi harbin tsuntsu da danƙo yana yaro ya riga ya san rabin wannan darasi. Ka ja roba, ka saki, dutse ya tafi. Igiyar banji danƙo ce babba, ƙugiyarta ita ce dutsen, kuma mai ja yawanci shi ne ke tsaye a inda za ta nufa.

Masanin kimiyyar Ingila Robert Hooke ya wallafa wata ƙa'ida a 1678, wadda ke cewa ƙarfin da sifirin ke ja da shi yana ƙaruwa daidai da nisan da aka miƙe shi. Roba ba ta bin ƙa'idar sau da ƙafa, amma tana kusa da ita yadda za mu iya kwatance. Abin lura shi ne, idan ka ninka nisan miƙewa, ƙarfin ja ya ninka, nisan ma ya ninka, saboda haka makamashin da ke ajiye yana ninkawa sau huɗu.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da muka zaɓa don bayani. A ce igiya ce mai tsawon santimita 60, ka ja ta ta ƙara santimita 30, tana jan hannunka kamar nauyin kilo 5. Makamashin da ke jikinta ya kai kimanin jul 7.5, wato kamar a saki dutse mai kilo 1 daga tsayin santimita 75. Idan ƙugiyar da ɓangaren igiyar da ke tafiya da ita sun kai giram 40, lissafi zai ba ka gudun kusan mita 19 a daƙiƙa, kimanin kilomita 70 a sa'a. To ka matsa ka ja ta har ta ninka tsawonta, don ƙugiyar ta kai wancan ƙarfen da ke nesa. Yanzu makamashin ya kai kimanin jul 30, kamar dutsen nan ne aka saki daga tsayin mita 3, gudun kuma ya doshi kilomita 140 a sa'a. A zahiri robar na cinye wani kaso na wannan makamashi ta mayar da shi zafi, don haka gudun kan yi ƙasa da na takarda. Duk da haka abin da ya rage ya isa ya fasa ido.

Sai batun lokaci. Tsakanin hannunka da fuskarka akwai kamar rabin mita. Abin da ke gudun mita 19 a daƙiƙa zai ci wannan nisa cikin kusan kashi 1 cikin 40 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido kuwa tana buƙatar kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa. Kenan kafin fatar ido ta rufe, ƙugiyar ta riga ta iso. Babu zafin naman da zai cece ka, sai dai tun farko fuskarka ba ta kan hanya.

Ayyukan da ta dace da su a zango

Babban amfaninta shi ne a rumfa da tanti. Iska ba ta busawa bai ɗaya, takan zo da fizga. Idan ka ɗaure tamfol da igiya mara miƙewa tam-tam, duk fizgar tana sauka a kan hujin tamfol da turken da ke ƙasa, sai ko dai zoben hujin ya ɓalle ya yaga ledar, ko turken ya tumɓuke. Idan ka sa ɗan gajeren zoben igiyar roba tsakanin igiyar rumfa da turke, shi zai riƙa shanye fizgar kamar yadda shokozoba ke shanye ramin hanya. Haka kuma yadin tanti na nailan yakan saki idan ya jiƙe da raɓa ko ruwan sama, sai robar ta ja sakin ta riƙe rumfar a miƙe har gari ya waye. Dabara mai kyau ita ce ka bar igiyar gaske da ɗan sako-sako a gefen zoben robar, yadda idan iska ta yi ƙarfi igiyar za ta karɓi nauyin kafin robar ta kai iyakarta, kuma ko robar ta tsinke rumfar ba za ta tashi ba.

Wajen haɗa tamfol da bututun ƙarfen rumfa, igiya mai ƙwallo ta fi kowace dacewa. Ka zura madaukin ta huji, ka zagaye bututun, ka maƙala shi a bayan ƙwallon. Gajeriya ce, ba ta ajiye makamashi mai yawa, kuma ba ta da tsini.

Ta dace da ɗaure abin da aka naɗe: tabarma, siririyar katifa, jakar barci, gidan sauro, dogayen wayoyin lantarki. Ta dace da riƙe murfin kula kada ya buɗe a hanya, da riƙe ledar teburi kada iska ta ɗage ta, da rataye tocila ko ƙaramar fitilar sola a sandar tanti. Masu tafiya da farantin sola mai naɗewa za su lura cewa yawancinsu suna da huji a kusurwoyi, kuma gajeriyar igiyar roba na riƙe shi a jikin jakar baya ko rufin tanti yana kallon rana. Sai dai a zura ta a hujin, kada a gitta ta a kan fuskar farantin, domin inuwar igiya ma tana rage wutar da yake bayarwa, matsa shi kuma na iya tsaga ƙwayoyin cikinsa. Idan ka ɗaure babban batirin caji, kada igiyar ta toshe ƙofofin iskarsa ko ta lanƙwasa kan waya a bakin soket.

Akwai ma wata siririyar igiyar roba da ke ɓoye a cikin sandunan tanti na zamani, ita ke haɗa gutsattsarinsu yadda ba sa ɓacewa. Idan ta saki, ba sai ka sayi sabbin sanduna ba. Siririya mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ake saya a sake zurawa.

Idan ka duba duk waɗannan ayyuka za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: kaya ne marasa nauyi, waɗanda ɗan motsi ba ya cutar da su, kuma ko igiyar ta saki ba wanda zai ji rauni.

Ayyukan da ba nata ba

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun kafin a isa zango, wato wajen ɗaure kaya a saman mota ko bayan babur. Ƙa'idojin ɗaure kaya na Turai da na Amurka sun ginu a kan cewa idan aka taka birki da ƙarfi, kaya na iya turawa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma yana turawa gefe da kusan rabin nauyinsa. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta ya haura kilo 25, don haka a birkin gaggawa za ta tura gaba da ƙarfin kusan kilo 20. Igiyar da ke ja da ƙarfin kilo 5 ba za ta tsayar da ita ba. Za ta miƙe ne kawai ta ba ta hanya, daga nan ƙugiya ta buɗe ko ta zame.

Ga kuma iska. A gudun kilomita 100 a sa'a, duk murabba'in mita ɗaya da ke fuskantar iska kai tsaye yana shan turi na kimanin kilo 45. Katifar da aka shimfiɗa a saman mota, da zarar bakinta ya ɗan ɗaga, iska ta samu wurin kamawa, robar ta ƙara bayarwa, bakin ya ƙara ɗagawa, har ta tashi ta faɗa wa na baya. Irin wannan aiki na bel ɗin ɗaure kaya ne mai makullin matsewa, irin wanda ake gani a jikin tirela, wanda ba ya miƙewa sosai kuma an rubuta nauyin da zai iya ɗauka a jikinsa. In babu shi, igiya mai ƙwari da ƙulli mai kyau ta fi roba. Bayan an ɗaure kayan da bel, sai a sa robar ta riƙe bakin tamfol kada ya riƙa kaɗawa.

A babur akwai ƙarin haɗari. Ƙugiyar da ta suɓuce tana lilo na iya shiga tsakanin wayoyin tayar baya ko sarƙa, ta naɗe ta tsayar da tayar ana cikin gudu. Kafin ka tashi ka tabbata babu bakin igiya da ke rataye, kuma ba ta taɓa salansa.

Kada a ɗaure tukunyar gas, janareta ko jarkar fetur da igiyar roba. Kada a rataye lilon kwanciya da ita, ko a kama ta a hau bishiya ko a sauka gangare, ko a ja motar da ta maƙale. Kada a ɗaure dabba da ita. Kada kuma a bar ta a hannun yara, domin abu na farko da za su yi shi ne ja-in-ja, wanda ya fara saki ya harbi ɗan uwansa, ga kuma haɗarin shaƙewa idan ta naɗe wuya.

Ko a rumfar da muka yaba mata akwai iyaka. Tamfol mai mita 3 a mita 3, idan iska mai gudun kilomita 50 a sa'a ta doke shi gaba da gaba, turin na iya kaiwa kilo 100. Guguwar farkon damina takan wuce haka. Idan hadari ya haɗu, sauke rumfar shi ne dabara. Sannan roba na barin tamfol ya lotsa, ruwan sama ya taru a tsakiya, kuma kowace lita kilo 1 ce. A kafa rumfa da gangare mai kyau don ruwa ya wuce. A kuma tuna cewa turken ƙarfen da roba ke ja, idan ya tumɓuke daga ƙasa mai laushi, shi ma yakan taso kamar kibiya. A kafa shi kansa na karkace yana guje wa tantin, a buga shi ya shiga sosai. A cikin rairayi kuwa, a binne sanda a kwance ko buhun yashi a ɗaura igiyar a jikinsa.

Abin da ƙugiya ke yi wa ido

Ƙasusuwan gira da kunci da hanci katanga ce da ke kare ido daga babban abu kamar ƙwallon ƙafa. Faɗin ramin ido kusan santimita 4 ne, ƙugiyar banji kuwa ba ta kai haka ba, sai ta wuce katangar ta sauka a kan ƙwayar idon kanta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Likitocin ido sun daɗe suna rubutu a kan wannan rauni. A 2001 mujallar Ophthalmology ta buga wani nazari daga asibitin ido na Wills da ke Filadelfiya a Amurka, a kan mutum 67 da igiyar banji ta doka a ido. A cikinsu 42 jini ya taru musu a gaban baƙin ido, 7 ƙwayar idon ta fashe, 3 kuma sai da aka cire musu idon gaba ɗaya. Sauran illolin da aka sani sun haɗa da gocewar madubin cikin ido, da yanar ido, da ɓallewar tantanin bayan ido wanda ke ɗaukar hoto. Akwai kuma illar da ba ta nuna kanta da wuri: dukan na iya lalata magudanar ruwan cikin ido, hawan jinin ido ya biyo baya bayan watanni ko shekaru. A Ostareliya matsalar ta kai har doka ta wajabta cewa duk irin wannan igiya da za a sayar sai an liƙa mata gargaɗi na dindindin, mai cewa kada a ja ta fiye da ƙima, a kauce daga hanyar da za ta dawo, kuma kada a yi amfani da wadda ta fara lalacewa.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Taruwar jini a gaban ido ta fi haɗari ga mai cutar sikila, har ma da mai rukunin jini AS wanda lafiyarsa ƙalau, domin ƙwayoyin jinin kan lanƙwashe a cikin ruwan ido su toshe magudanar, matsin ido ya hau ya lalata jijiyar gani. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da wannan rukuni. Wasu magungunan rage matsin ido ma ba su dace da shi ba, shi ya sa ya zama wajibi a gaya wa likita rukunin jinin tun da farko, in ba a sani ba a nemi a gwada.

Yadda ake ɗaurawa da kwancewa

Ƙugiya na suɓucewa ta hanyoyi huɗu: ta zame daga hannun mai ja, ta zame daga inda aka maƙala ta, wayarta ta miƙe ta buɗe, ko igiyar ta zare daga gindinta. A duk huɗun, tafiyarta a kan layin igiyar take. Mu kira shi layin harbi. Ga matakan da ke fitar da kai daga kansa:

1. Zaɓi igiya daidai da aiki. Masu ƙera ta da yawa na ba da shawarar kada a ƙara mata fiye da rabin tsawonta, wato mai santimita 60 ta tsaya a 90. Idan ba ta kai ba, nemo doguwa. Kada ka haɗa biyu ƙugiya cikin ƙugiya.

2. Fara maƙala baki na farko a wuri mai ƙwari, zobe ko ƙarfe rufaffe, yadda wurin zai zauna a cikin gindin lanƙwasar ƙugiyar. Ƙugiyar da ta kama da tsininta kawai tana dab da zamewa. Ja ta kaɗan ka gwada kafin ka ci gaba.

3. Tsaya a gefe, ka ja igiyar tana wucewa ta gabanka daga hagu zuwa dama ko akasin haka, fuskarka a kauce. Kada ka ja ta zuwa ƙirjinka, kada ka sunkuya kana leƙen ƙugiyar da ke nesa, domin idan ta can ta saki kai za ta nufa.

4. Duba ko akwai wani a ɗaya ɓangaren motar ko rumfar. Kada a cilla ƙugiya ta saman kaya a ce wani ya cafe.

5. Wajen kwancewa, riƙe jikin igiyar da hannu ɗaya ka ɗauke mata nauyi, ka cire ƙugiyar da ɗaya hannun, ka bi ta a hankali har ta koma tsawonta. Kaya kan motsa a hanya, don haka igiyar da ka ɗaura da sauƙi da safe tana iya zama a matse da yamma.

6. Kada ka yi wannan aiki a duhu ba tocila, ko hannunka da maiƙo. Idan kana da tabarau na kariya irin na masu aikin ƙarfe, mai alamar Z87 ko EN 166 a jikinsa, saka shi. Tabarau na karatu mai gilashi na iya farfashewa ya ƙara rauni.

Saye, dubawa da ajiya

Wajen saye, gwada ƙugiyar da yatsunka. Idan za ka iya buɗe ta da hannu, kaya ma zai buɗe ta. Duba mahaɗin igiya da ƙugiya ka ga ko an matse shi sosai. In akwai zaɓi, ɗauki mai maƙalli mai ƙofa ko mai ƙwallo a kan mai buɗaɗɗiyar ƙugiyar waya. Araha ba ta ado, balle a abin da ke kusa da fuska.

Maƙiyan roba su ne hasken rana, zafi, da mai. Rana da iskar ozon suna tsattsaga ta, zafi na saurin tsufar da ita, fetur da man inji kuma suna kumbura ta su kashe mata ƙarfi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, igiyar da aka bari a kan dashbod ko a ɗaure a bayan babur dare da rana ba za ta yi ƙarkon da take yi a ƙasar sanyi ba. Baƙar roba mai alamar EPDM ta fi jure rana, amma ita ma ba ta shiri da fetur. Robar tiyub da aka saba da ita ba ta da riga, ƙaramin tsagi a gefenta ya isa ya sa ta tsinke farat ɗaya, sai dai tunda ƙulla ta ake yi, babu ƙarfen da za ta harba. Wanda ya ɗaura mata ƙugiyar waya da kansa ya haɗa raunin biyu a wuri ɗaya.

Kafin kowace tafiya, ja igiyar kaɗan ka bi jikinta da ido da yatsa. Idan rigar ta zaizaye, ko kana ganin robar ciki, ko wani wuri ya sirance wani ya kumbura, ko ba ta komawa tsawonta, ko ƙugiyar ta yi tsatsa ko ta fara buɗewa, to kwananta ya ƙare. Ƙugiyar da ta taɓa buɗewa kada a mayar da ita da filaya, domin ƙarfen ya riga ya yi rauni. Yanka igiyar kafin ka jefar, don kada yaro ya tsinta. Masu kyau kuma a ajiye su a sake, a cikin jaka, a inuwa, nesa da murhu da janareta.

Idan ta doki ido

Kada a murza idon, kada a danna shi, kada a yi ƙoƙarin buɗe shi da ƙarfi. Idan wani abu ya soke ya tsaya, a bar shi a wurin. A yanko gindin kofin takarda ko na roba mai tsabta a kifa a kan idon yadda bakinsa zai zauna a kan ƙashi, a liƙa da filasta. Auduga ko ƙyalle da aka ɗaure tam na matsa ƙwayar ido, kuma idan ta fashe, matsin na iya fitar da abin da ke ciki. Kada a ɗiga komai: ba kwalli, ba nono, ba ruwan ganye, ba maganin ɗigawa da ya rage a gida. Don raɗaɗi a ba da farasitamol, a guji asfirin da ibufurofen domin suna iya ƙara zubar jini. Mai raunin ya zauna ko ya kishingiɗa kansa a sama, ya dakata da ci da sha ko za a buƙaci tiyata, a nufi likitan ido a ranar. A arewacin Najeriya akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA da ke Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa.

Ko da gani ya dawo kuma zafi ya lafa, a je a duba. Jinin gaban ido yakan sake zuba cikin kwana 2 zuwa 5, kuma na biyun yakan fi na farko muni. Wanda ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo na yawo, ko wani duhu kamar labule na rufe gefen ganinsa, ya koma asibiti nan take. Bayan warkewa ma a riƙa auna matsin idon lokaci-lokaci.

Kafin tafiyarka ta gaba, zazzage jakar kayan zango ka raba igiyoyinka gida biyu: bel da igiya mai ƙwari don duk abin da ke da nauyi, roba don tamfol da tabarma da murfin kula. Wadda ta tsufa a yanka ta. Wadda ta rage, duk lokacin da za ka ja ta, ka fara tambayar kanka inda ƙugiyar za ta nufa idan ta kuɓuce, sannan ka matsa daga wurin. Mu haɗu a darasi na gaba.